Fyaucewa, lambar 666 da Dujal: abin da ya raba kan masu karanta labaran ƙarshen duniya na Kiristoci

A shekarar 2025 wani ɗan Afirka ta Kudu mai suna Joshua Mhlakela ya fito a bidiyo ya ce wai Yesu ya bayyana gare shi ya gaya mishi cewa ranakun 23 da 24 ga watan Satumba ne za a kwashe masu bi zuwa sama. Ranakun sun zo sun wuce, kowa ya tashi ya kama harkar gabanshi, amma guntayen bidiyon da maganar ta tono ba su wuce ba, har yanzu suna yawo a WhatsApp da TikTok a nan Damagaram, za ka ga jirgin sama yana cikin tafiya sai fasinjoji su ɓace a bar tufafinsu a kan kujera, motoci babu direba suna karo da juna, uwa tana ihu a gaban gadon jaririnta wayam. Wani zai turo maka ya rubuta a ƙasa cewa ga abin da Kiristoci suka yarda da shi, wani kuma ya ce ai Linjila ce aka mayar fim.

Duka biyun ba haka ba ne. Yawancin waɗannan guntayen an yanko su ne daga finafinan da aka gina a kan ƙagaggun labarai irin su jerin littattafan nan na Amurka mai suna Left Behind, kuma su kansu Kiristocin da suka karanta labaran bakinsu bai zo ɗaya ba, akwai mai cewa littafin ne ya mayar da shi coci, akwai mai cewa ya kamata a ɗauke shi daga hannun yara.

Kalmomin da ake jefawa

Fyaucewa ita ce uwar maganar. An ɗauko ta daga wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Tasalonikawa da ke cikin Littafi Mai Tsarki, sura 4 aya 16 da 17, inda aka ce matattu masu bi za su fara tashi sannan a fyauce rayayyu tare da su cikin gajimare su taryi Ubangiji a sararin sama. Babu Kiristan da ke musun ayar. Gardamar ita ce, shin wannan da dawowar Yesu ta ƙarshe abu ɗaya ne, ko kuwa zuwa biyu ne, na farko a asirce a kwashe masu bi, na biyu a fili bayan shekara bakwai?

Waɗannan shekaru bakwai su ne ake kira tsanani, kuma lissafinsu daga littafin Daniyel sura 9 aka ciro shi. Magabcin Almasihu shi ne mugun shugaban da ake cewa zai mallaki duniya a lokacin, Musulmi in ya ji siffarshi Dujal ne zai faɗo mishi a rai. Lambar 666 kuma tana cikin Wahayin Yahaya, wanda wasu ke kira Ru'ya ta Yohanna, sura 13, inda aka ce ba mai iya saye ko sayarwa sai mai ɗauke da alamar wata dabba da aka siffanta a surar, a hannun dama ko a goshi. Sai mulkin shekara dubu da ke sura 20, wanda shi ma an rabu a kanshi, wasu na jiranshi a zahiri bayan Yesu ya dawo, wasu kuma, irin su Katolika da Lutheran da mabiya koyarwar Calvin da yawa, suna ɗaukarshi a matsayin misali na zamanin da ake ciki tun tashin Yesu, fahimtar da ake dangantawa da Augustine, malamin nan ɗan Arewacin Afirka da ya rasu a shekarar 430.

Daga ina jadawalin ya fito

Wanda ya harhaɗa ayoyin nan ya fitar da jadawali mai fyaucewa kafin tsanani shi ne John Nelson Darby, malamin addini da ya yi aiki a Ireland da Ingila, tun wajajen shekarun 1830. Ya yi ta zuwa Amurka yana wa'azi, amma abin da ya kafa koyarwar sosai shi ne wani bugu na Littafi Mai Tsarki da Cyrus Scofield ya fitar a 1909, mai ɗauke da sharhi a ƙasan kowane shafi. Mutum yana karanta aya, idonshi na sauka kan sharhin, a hankali ya daina bambance wanne ne nassi wanne ne ra'ayin malami.

Kafuwar ƙasar Isra'ila a 1948 da yaƙin da ta yi da ƙasashen Larabawa a 1967 suka ƙara ma wutar itace, don masu wannan fahimta sun ga kamar agogon annabci ne ya fara bugawa. A 1970 wani marubuci ɗan Amurka, Hal Lindsey, ya fitar da littafin da ya jera siyasar lokacin, Tarayyar Sobiyet da haɗin kan ƙasashen Turai da sauransu, a kan ayoyin Daniyel da Wahayi, aka saye miliyoyi.

Sai kuma wanda ya fi kowanne tashe, Left Behind, wato waɗanda aka bari a baya, na Tim LaHaye da Jerry Jenkins. LaHaye fasto ne, shi ke tsara koyarwar, Jenkins shi ke rubuta labarin. Na farko ya fito a 1995, na ƙarshe a 2007, littafi 16 ke nan, aka sayar da sama da kwafi miliyan 60, banda wasu 40 ƙanana da aka yi ma yara. An yi fim ɗinshi a 2000, aka sake a 2014 da Nicolas Cage, aka ƙara wani a 2023. Akwai fassarar Faransanci, wadda ita ce ɗan lakwal na Nijar zai fi iya karantawa, duk da dai a gaskiya mafi yawan waɗanda suka san labarin a nan ta fim suka san shi, ko ta bakin abokan kasuwanci da 'yan coci da ke zirga-zirga tsakanin nan da Kano.

Labarin da kanshi ga shi a taƙaice. Wani matuƙin jirgi mai suna Rayford Steele yana sama da tekun Atlantika cikin dare, hankalinshi na kan wata ma'aikaciyar jirgin duk da yana da mata a gida, sai ita ma'aikaciyar ta zo a firgice ta ce mutane sun ɓace, ga takalmansu ga rigunansu amma su babu. Da ya isa gida ya tarar matarshi mai yawan zuwa coci da ƙaramin ɗanshi su ma sun tafi, saura shi da babbar 'yarshi. Duk ƙananan yaran duniya sun ɓace, har na cikin ciki. Cikin wannan ruɗani wani ɗan siyasa daga Romaniya, Nicolae Carpathia, mai fara'a da daɗin baki, ya zama shugaban Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai da Isra'ila, ya mayar da hedikwata sabuwar Babila a Iraƙi, ya kawo kuɗi ɗaya da addini ɗaya, daga baya kuma ya tilasta ma kowa karɓar alama, wanda ya ƙi a sare kanshi.

Abin da masu yabo ke cewa

Na farko dai labarin yana ja. Babi gajere ne, kowanne ya ƙare a inda dole ka buɗe na gaba, kuma mutumin da ya sha buɗe Wahayin Yahaya ya rufe saboda dawakai da ƙahoni da hatimai sun rikita shi, a nan sai ya ga an jera mishi komai dalla-dalla da sunayen garuruwan da yake ji a rediyo. Da yawa cikinsu za su ce maka littafin ne ya sa suka koma karanta nassin da kanshi.

Na biyu, suna ɗaukarshi kayan bishara. Ana saye a ba miji ko ɗan'uwan da ya yi sanyi da ibada, kuma ba banza ba ne aka sa jarumin ya zama magidancin da matarshi ta daɗe tana mishi wa'azi yana share ta. Har da wani mataimakin fasto a cikin waɗanda aka bari, wanda shekara da shekaru yana aikin coci amma zuciyarshi ba ta ciki, wannan wurin yana taɓa masu karatu ƙwarai.

Wata mai bincike a Amurka, Amy Johnson Frykholm, ta zauna da masu karatun ta yi hira da su ta fitar da littafi a 2004, kuma abin da ta gano ya saɓa ma zaton da ake yi cewa duk mai karantawa ya haɗiye koyarwar ne ɗungurungum. Mutane na karantawa ne cikin dangi da abokai, ana aron littafi ana gardama a kai, wani ya yarda da rabi ya watsar da rabi.

Masu suka, kuma yawancinsu 'yan gida ne

Nan ne mutanen waje suka fi yin kuskure, don suna zaton masu sukar marasa addini ne. Akwai su, amma suka mafi zafi daga cikin coci ta fito.

Malaman tauhidi da yawa suna cewa kusan shekara 1800 ana Kiristanci ba a san wannan zuwa biyun a matsayin koyarwa ba, kuma ayar Tasalonikawa da ake kafa hujja da ita ta ambaci kira mai ƙarfi da muryar babban mala'ika da busar ƙaho, to ina asiri a nan? N. T. Wright, masanin Sabon Alkawari ɗan Ingila, ya yi bayanin cewa hoton da Bulus ya zana na mutanen gari ne da ke fita bayan ganuwa su taryi sarki su rako shi cikin gari, ba wai su bi shi su tafi ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake fita taryar babban baƙo a shigo da shi fadar Sarkin Damagaram zai gane abin da yake nufi. Masu kare jadawalin Darby suna mayar da martani cewa daɗewar fahimta ba ita ce hujja ba, nassi ne hujja, kuma suna kawo ayar da ta ce Allah bai ƙaddara masu bi ga fushi ba.

Akan 666 ma haka. Masana tarihi da yawa suna ganin lambar tana nuni ne ga Nero, sarkin Rum da ya gallaza ma Kiristocin farko, don in aka rubuta sunanshi da haruffan Ibrananci aka haɗa lissafinsu, kamar dai yadda malamanmu ke lissafin abajada, 666 ke fitowa, kuma akwai tsoffin rubuce-rubucen hannu da suka kawo 616. A wajen waɗannan, Wahayi wasiƙar ƙarfafa gwiwa ce ga mutanen da ake tsananta ma a ƙarni na farko. A 2004 kamfanin da ya buga Left Behind ɗin da kanshi ya buga wani ƙagaggen labari a kan wannan fahimta ta biyu, abin bai yi ma LaHaye daɗi ba ko kaɗan, ya fito ya faɗa.

Katolika kuma nasu ƙorafin daban ne. A cikin labarin, wani babban limaminsu ne aka naɗa Fafaroma bayan fyaucewa, ya zama shugaban addinin ƙarya na duniya. A 2003 bishop-bishop na jihar Illinois ta Amurka suka fitar da sanarwa suna cewa littattafan na adawa da Katolika, suka ja kunnen masu koyar da yara. Yahudawa ma sun yi magana, don labarin yana nuna ƙaunar Isra'ila amma Bayahuden kirki a cikinshi shi ne wanda ya karɓi Yesu. Sannan ga yawan jini, musamman littafi na 12 da ya fito a 2004 inda Yesu ya dawo maƙiyanshi suna tarwatsewa da kalmar bakinshi, wasu masu karatu sun ce sun yi kuka don murna, wasu sun ce wannan ba Yesun da ya ce a ƙaunaci maƙiyi ba ne.

Akwai wata suka da ta fi dacewa da nan. Kiristocin Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba a ƙidayar 2012, duk da cewa a Damagaram ne mishan ta SIM ta fara zama tun shekarun 1920, kuma ranar 16 ga Janairun 2015, a zanga-zangar da ta biyo bayan zanen jaridar Charlie Hebdo, an ƙona coci-coci a wannan gari, washegari aka yi a Yamai, mutane aƙalla goma suka mutu. Mai karatun da ya ga wannan da idonshi zai iya fitowa ta hanya biyu. Wani zai ga labarin mutanen da ke ibada a ɓoye suna jiran ceto ya ji kamar da shi ake, ya samu sanyi. Wani kuma zai ce koyarwar da ke alkawarin za a kwashe ka kafin wahala ta fara koyarwar mutanen da ba su ɗanɗani wahala ba ce, don Kiristocin wurare da yawa sun sha tasu ba a kwashe kowa ba. Duka biyun ana jinsu, wani lokacin ma a coci ɗaya.

Sai sukar adabi, wadda ba ta buƙatar dogon bayani: mutanen labarin kusan duk 'yan Amurka ne masu jirage da wayoyin tauraro, hirarsu wa'azi ce, Afirka kuwa daga nesa ake hango ta.

In Musulmi ya kalla

A fadar samari, ana shayi wani ya miƙo waya, kai huɗu ko biyar su haɗu a kan allo ɗaya, da an nuna mugun shugaban nan sai wani ya ce ai Dujal ne, su ma ashe sun san da shi. Kamar akwai ta, don Musulmi ma yana jiran saukowar Annabi Isa (AS), kuma hadisai sun kawo cewa zai sauka a farar hasumiya gabashin Dimashƙa ya kashe Dujal a ƙofar Ludd. Amma daga nan hanya ta rabu. A Musulunci Annabi Isa bawan Allah ne kuma manzo, ba a gicciye shi ba, babu fyaucewa kafin fitina, muminai suna nan a doron ƙasa lokacin Dujal shi ya sa ma ake koyar da haddace ayoyi goman farko na Suratul Kahfi, kuma zamanshi kwana arba'in ne da hadisi ya fayyace tsawonsu, ba shekara bakwai ba. Iskar nan mai daɗi da aka ce za ta ɗauki ran kowane mumini mutuwa ce, kuma bayan zamanin Annabi Isa take.

Bambanci mafi girma shi ne na ƙagen da kanshi. Sanya annabi cikin ƙagaggen labari yana magana yana tafiya abu ne da malaman Musulunci ba su yarda da shi ba, alhali a wajen Kirista ɗan Amurka wannan ba abin mamaki ba ne. Inda kuma aka haɗu shi ne batun sa rana: Matiyu 24:36 ta ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar, Suratul A'araf aya ta 187 ta ce saninta na wurin Ubangiji kaɗai.

Inda abin zai iya taɓa talaka

Na farko katin shaida da allura. Duk lokacin da aka zo da rajista mai ɗaukar zanen yatsa, ko tura kuɗi ta waya, ko rigakafi, sai maganar 666 ta taso. An gani a 2020 lokacin korona, inda fasto Chris Oyakhilome na Najeriya ya alaƙanta cutar da fasahar 5G har hukumar kula da kafofin watsa labarai ta Birtaniya ta hukunta tasharshi. Su kansu masu bin jadawalin Darby da yawa suna cewa wannan tsoron bai da tushe ko a koyarwarsu, don alamar dabba tana zuwa ne bayan fyaucewa kuma tare take da yi ma dabbar sujada da gangan, ba abu ne da za a ɗirka ma mutum a asibiti bai sani ba. Amma guntun bidiyo na minti ɗaya ba ya ɗauke da wannan bayanin, kuma wanda ya ƙi yin takarda saboda shi, shi zai sha wuya ranar da zai karɓi kuɗi ko ya tsallaka iyaka. Maganar kuɗi ɗaya ma dai, ƙasashe takwas ne ke cin sefa ɗaya a yankinmu shekara da shekaru, gardamar da ake a kanta ta siyasa ce da tattalin arziki.

Na biyu sa rana. Marubutan Left Behind ba su sa rana ba, wannan a ba su haƙƙinsu, amma yanayin da irin labaran ke haifarwa yana sauƙaƙa ma masu sawa. Harold Camping, mai gidan rediyo a Amurka, ya ce 21 ga Mayun 2011, wasu mabiyanshi suka bar aiki suka zuba ajiyarsu a tallar ranar, da ta wuce ya ɗaga zuwa Oktoba, daga baya ya amsa cewa ya yi kuskure. Akwai mafi muni, Kanungu ta Uganda a shekarar 2000 inda sama da mutum 700 suka hallaka, da dajin Shakahola na Kenya a 2023 inda aka tono gawa sama da 400 ta mutanen da aka sa su azumi har mutuwa don su gamu da Yesu. Waɗannan ƙungiyoyi ne da shugabanninsu suka killace mutane, ba littafin labari ne ya jawo su ba, kuma coci-coci sun la'ance su.

Na uku zaman maƙwabtaka. In Musulmi ya ɗauka duk Kirista haka ya yarda, zai ɗora ma maƙwabcinshi ɗan Katolika ko ɗan EERN, wato cocin bishara ta Nijar, maganar da wataƙila shi kanshi bai yarda da ita ba, haɗe da siyasar Amurka a kan Isra'ila da Falasɗinu wadda ke manne da wannan koyarwa. In kuma matashin Kirista ya ɗauki labarin tamkar nassi, zai iya fara kallon duk wani zaman sulhu tsakanin limamai da fastoci a matsayin share fagen addini ɗaya na Carpathia, a garin da irin wannan zaman ya yi amfani bayan 2015.

Sai yara. Manya da yawa da suka tashi da irin waɗannan finafinai a Amurka suna ba da labarin yadda suna ƙanana in suka dawo gida suka tarar ba kowa sai gabansu ya faɗi, su ɗauka an kwashe iyayensu an bar su. Iyayen da ke son littattafan suna cewa ɗan tsoro kaɗan yana gyara yaro, waɗanda ba sa so suna cewa yaron da bai kai ya bambance fim da wa'azi ba bai kamata a bar shi shi kaɗai da waya yana kallo ba, kuma a gidaje da yawa a nan wayar uwa ko ta yaya ita ce talabijin ɗin yara da dare.